Sawun Kakata a Kan Dankali

A watan Yuni, can saman tudunmu,
inda numfashi ke gajarta,
tafkin Titikaka na kwance ƙasa kamar faranti,
kakata Saturnina kan fita bayan faɗuwar rana
ta ɗaga kai ta karanta taurari.
In sun fito tar, ba gajimare ko ɗaya,
sai ta ce: yau sanyi zai yi mana ƙodago, ku kwaso dankali.

Mu baza shi kan busasshiyar ciyawa,
ƙanana masu ɗaci, waɗanda kasuwa ke wa kallon banza.
Kwana uku ƙanƙara na cizonsa da dare,
rana na lasarsa da hantsi.
Sannan ta tuɓe takalminta na taya
ta hau da dugadugai masu faso,
tana takawa, tana takawa,
ruwa na tsartuwa, ɓawo na saɓulewa,
bakinta cike da sunayen matattunmu.

Cunyo muke ce masa.
Baƙi, a ƙanƙame, ka rantse tsakuwa ne,
amma ya shekara biyar a rumbu bai san ruɓa ba.

Kakana Eleuteriyo bai taɓa sayen iri ba.
Kala goma sha bakwai yake ɓoyewa cikin ƙaiƙayi,
kowanne da sunansa da halinsa:
wannan na jure fari, wancan na amarya ne,
mai ƙulle-ƙullen da ke gwada haƙurin wuƙa.
Ran gayya maƙwabta su zo da garmar ƙafa,
ba a biya, ana dai tunawa.
Bayan girbi ya ɗora wa lamominsa buhu shida
ya gangara kwari, ya dawo da masara.
Gishiri kaɗai da ashana ke cin kuɗinmu.

Sai hanya ta zo.
Ban zagi hanya ba, ita ta kai ni makaranta.
Amma ita ta kwashe kawuna zuwa ramin zinariya,
ta dawo mana da tari da rediyo.
Ta kawo kantin Donya Primitiba:
taliya, shinkafa, man gwangwani,
da littafin bashi mai jan bango.
Taliya minti goma take nuna.
Wa zai jiƙa tsakuwa tun daren jiya?

Sanyin ma ya koyi saɓa alkawari.
Gonar ta zama filin ƙwallo rabi, rabi ƙaya.
Iri goma sha bakwai suka koma biyu.
Ni kuma ina Huliyaka, ina sayar da katin waya,
ƙafata a cikin safa, lumus kamar ta jinjiri.

Bara aka tare hanya kwana ashirin.
Kanti ya yi wayam, kuɗi na hannu ba abin saya.
Na ɗauki ɗana muka taka zuwa ƙauye,
na buɗe rumbun da ba a buɗe ba tun rasuwarta.
Ƙura, gizo-gizo, tsohuwar garma,
can lungu, buhu ɗaya ɗaure da zaren ulu,
ƙullin hannunta.

Na zauna gabansa ban san yadda ake farawa ba.
Sai da tsohuwa Nikolasa ta leƙo ta katanga:
jiƙa shi, ’yar nan, ki sauya ruwa sau biyu,
ki ɓare shi da yatsa, ba da wuƙa ba.
Ɗana ya ɗanɗana ya yamutsa fuska,
ya ce ƙasa-ƙasa yake ji.
Ya cinye kwano biyu.

Bana na dawo a Yuni da kwando ɗaya tak.
Taurari sun fito, ban iya karatunsu ba,
na dai baza, na jira.
Da asuba na tuɓe safa na hau.
Sanyin ya soke ni har cikin haƙori.
Nikolasa na dariya:
ba rawa aka ce ki yi ba, sa dugadugi!